Tutar da Ta Kwana a Waje

Talata, 9 ga Satumba

Yau Preben ya cika shekara saba'in da takwas. Wata uku ke nan ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, don haka ni na ɗaga masa tutar ƙasarmu, ja mai farin gicciye, a ƙofar gida kamar yadda aka saba, karo na farko cikin aurenmu na shekara hamsin. Yana kwance yana leƙe ta taga, yana ba da umarni sai ka ce har yanzu a jirginsa na kamun kifi yake. "Bodil, kar ki bari ta taɓa ƙasa." Na ce to, ranka ya daɗe.

Laraba, 10 ga Satumba

Na manta ban sauke ta ba kafin rana ta faɗi. Ina zan tuna, ga magani ga wanki? Kowa a garin nan ya san maganar: wanda tutarsa ta kwana a waje, Shaiɗan ya ɗaga wa.

Da safe na tarar da ita a rabin sanda, alamar an yi rasuwa a gida. Kafin in kai hannu sai ga Ejvind maƙwabcinmu, hula a hannu, matarsa Tove biye da shi da furanni. Wai yaushe ya cika. Na ce yana ciki yana shan kofi, ku shiga ku yi masa gaisuwar da kanku. Su kunya ta kama su, ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ejvind ya ce igiya ce ta zame. To abin da ya zame shi ke ɗaure kansa? Ƙullin da na kwance irin na masunta ne, irin na Preben, ni ban ma iya shi ba. Silifas ɗinsa kuma na same su a jiƙe ƙarƙashin gado, da ciyawa manne a jiki. Mutumin da sai na ɗaga shi yake zama.

Na ninke tutar na kulle a akwati. Ina jin tsoro, gaskiya.

Asabar, 13 ga Satumba

Na tambayi Preben ko shi ya ɗaure ta a rabi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya kama zancen wai a makaranta an koya musu tutar daga sama ta faɗo ranar wani yaƙi, amma shi a teku ya gane ta: jan namu ne masu jini a jika, farin gicciyen kuma hanyar komawa. "Abin da ya sauko daga sama ai ya san hanya."

Daga nan ya ce in saurara. Ranar da mutum ya rasu, ba a tsayar da ita a rabi kai tsaye. Sai an kai ta can ƙoli, a ɗan dakata, sannan a sassauto. In an binne mutum a mayar da ita sama.

Na ce ya rufe mini baki, ba ranar da za ta zo. Ya ce, "Ke dai kar ki ba ni kunya gaban Ejvind."

Lahadi, 14 ga Satumba

Ko ganye ba ya motsi, amma igiya na ta dukan sanda tun asuba.

Laraba, 17 ga Satumba

Bai ci komai ba tun jiya. Na kira 'yarmu Solvej, na ce ta zo ƙarshen mako, ba don komai ba, gidan ne ya yi shiru.

Da hantsi na fita wajen sandar, ba tuta, igiya kawai. Na ja har ƙoli, na dakata, na sassauto zuwa rabi. Sau uku. Igiyar nake dubawa, ta tsufa.

Da na waiwaya idonsa na kan taga. Ya gyaɗa mini kai.