Akuyata Ta Ci Kofi, Maigidana Ya Daina Yi Mini Magana

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Roƙona ɗaya, kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Yayata da muke ciki ɗaya na fara kira, tun ban kai rabin labarin ba ta yi ta dariya har ta shiga tari, ta kashe waya.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin layinmu. Shekararmu ashirin da huɗu da aure, 'ya'yanmu uku, ban taɓa kai ƙarar maigidana wurin kowa ba. Ya yi ritaya daga gidan waya, mutum ne mai tsari da gudun magana. Shekara tara da suka wuce wani abokinsa ya ja shi kallon baje kolin amfanin gona, ya ga yadda ake gasar dabbobi, ya dawo mana da rago a kujerar bayan mota. Tun daga ranar muka zama gidan masu kai dabba gasa.

Ragon da muke da shi yanzu shi ne na uku, sunansa Darakta. Anti, ragon nan yana da fankarsa, yana da tawul biyu, yana da fayil. Duk Asabar sai an ɗora shi a sikeli an rubuta nauyinsa. Kowa da aikinsa: babbar 'yarmu, wadda take karatun haɗa magunguna, ita ce mai yanke masa kofato, namijin ya goge ƙaho da mai, autar ta zagaya da shi tsakar gida tana koya masa tafiya, mu kuma mu tsaya a gefe muna tafi, wai don ya saba da hayaniyar jama'a. Maƙwabta sun daɗe da daina tambaya. Nawa aikin shi ne in ɗinka masa rigar da ke kare shi daga datti, ranar gasa kuma in riƙe fulas ɗin shayi. Ban ƙi abin ba, gaskiya. Ya haɗa kan yaranmu, ba mai yawon banza a cikinsu. Sau biyu muna zuwa na biyu, sau ɗaya na uku, amma ba mu taɓa zuwa na ɗaya ba. Akwai wata 'yar kanta da maigida ya sa kafinta ya kafa a falo tun shekarar farko, don ajiye kofi. Har yau ba komai a kanta, amma kullum sai ya goge ta.

To, akwai kuma akuya. Lokacin da aka sayo Darakta, mai shi ya haɗo da ita kyauta, ya ce tare suka tashi, ragon ba ya cin abinci idan ba ya ganinta. Maigida ya miƙo mini igiyarta a gaban yara yana dariya, ya ce, “Ga taki, ke ma kin samu abin kiwo.” Yara suka sa mata Tsumma. Ja ce, kunnenta ɗaya a karye, ba ta taɓa wanka ba sai in ruwan sama ya dake ta. Ta ci mini tef ɗin awo uku, ta ci sabulu, ta ci takardar sakamakon autarmu, kwali kuwa ba a magana. Duk gasar da za mu je sai an tafi da ita, domin Darakta ba ya hawa mota sai ta fara hawa.

Watan jiya muka je gasar. Su maigida suka wuce da Darakta filin raguna, aka bar ni a gefen rumfa da fulas da igiyar Tsumma, inda Darakta zai riƙa hango ta kamar kullum. Rana ta buɗe, na hango layin mutane a inuwa kowa da akuyarsa, na ɗauka layin ba dabbobi ruwa ne, na bi. Wani mutum a teburi ya tambayi sunana, ya rataya wa Tsumma lamba a wuya. Na ce a raina lallai mutanen nan sun iya tsari, ruwa ma da lamba. Layi ya yi ta tafiya, ya sha kwana, sai kawai na gan ni a tsakiyar fili, jama'a sun kewaye mu. Kunya ta hana ni juyawa.

Alƙalin gasar, wani ɗan gajeren dattijo mai tabarau, ya zo kanmu. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya durƙusa ya leƙa hantsa, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Ya yafito abokin aikinsa, shi ma ya durƙusa. Ni har na fara ba su haƙuri, ina cewa ba da gangan muka shigo ba. Can sai na ji sunana a lasifika, wai mu ne na ɗaya a ajin awaki. Suna miƙo mini kofi, mai sanarwa ya kawo abin magana kusa don in ce wani abu, Tsumma ta riga ni, ta kwarara kuka a ciki, duk filin ya ɗauka.

Ashe a can filin raguna, Darakta ya waiga bai gan ta ba, ya zauna daɓas a gaban alƙalai. Maigida na ja, ɗanmu na turawa, ya ƙi tashi. Yana jin kukanta a lasifika ya zabura. Ya ja maigida a ƙasa, ya tsallake shinge, ya ratsa teburan kayan lambu, ya fasa kabewar da ta zo na ɗaya, bai tsaya ba sai a gefen Tsumma. Maigida ya iso yana haki da takalmi ƙafa ɗaya, ya same ni rungume da kofi, daidai lokacin da mai hoto ya danna. Hoton yana bangon mujallar ƙungiyar masu kiwo ta wannan watan. An cire Darakta daga gasar.

Yau kwana ashirin da uku maigida bai yi mini magana kai tsaye ba. Ba zagi, ba faɗa, yana cin abincina. Amma in yana son abu sai ya leƙa taga ya ce, “Darakta, tambayi masu kofi ko sun ga makullin mota.” Da farko sai in miƙa masa abin kawai. Daga baya, Allah ya yafe mini, na fara cewa, “Tsumma, gaya wa masu rago yana aljihun wandonsu na jiya.” Haka muke zaune. Rannan matar maƙwabcinmu ta shigo aron dutsen guga ta tarar da mu a haka, ta fita da baya ba ta karɓa ba. Yara sun rabu, babbar tana bayan ubanta, namijin yana bayana, autar kuma na kama ta tana yi wa Tsumma wanka a ɓoye da tawul ɗin Darakta. Surukata ta zo sulhu, ta saurari kowa, ta ce ita a ganinta kofin na akuya ne, a riƙa zuba mata dusa a ciki, ta ɗauki jakarta ta tafi. Kofin yana shagona a ƙarƙashin ragowar yadi.

Bai ƙare ba. Ƙungiyar ta gayyace ni in yi wa mambobi jawabi a kan sirrin kiwon akuyar gasa. Maigida ne sakatare, shi ya buga wasiƙar da hannunsa a falo, ya manna mata kan sarki, ya kai gidan waya. Kwana huɗu ta yi kafin ta iso ɗakina. Anti, wane sirri gare ni? Wani har shago ya biyo ni yana tambayar abin da take ci, na ce kwali, ya ciro biro ya rubuta, ya ce wane iri.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ji daɗi. Shekarata arba'in da bakwai, daga “Maman wance” sai “matar wane”, ban taɓa jin an kira sunana jama'a sun tafa ba sai ranar. Yanzu in ina tafiya a titi na ga akuya, ƙafafunta nake kallo. Saura mako biyar a yi wata gasar, kuma ajin raguna da na awaki duk ƙarfe goma ne. In na shiga, Darakta zai sake zama. In ban shiga ba, na koma riƙon fulas. Wani ya taya Tsumma, amma in na sayar ragon zai daina cin abinci. Jiya da safe na hango maigida yana taje Darakta shi kaɗai, kafaɗunsa a sake, sai tausayinsa ya kama ni har na kasa shan shayi. Ina son mijina, ina kuma son in sake jin sunana a lasifika. Yaya zan yi?

Mai Riƙon Igiya

AMSA

'Yar'uwa Mai Riƙon Igiya, na yi ƙoƙari, amma a wurin kabewa na karya alƙawari. Ki yafe mini. Yanzu na share hawaye, mu yi maganar da ta kawo ki.

Ki fara da sanin cewa ba ki yi laifi ba. Ba ki yi maguɗi ba, ba ki shiga don ki kunyata kowa ba, akuyar kuma taki ce da shaidu uku. Daɗin da kika ji shi ma ba abin ɓoyewa ba ne. Mace ta shekara tara tana tafa wa rago, ranar da aka tafa mata ai dole zuciyarta ta yi fari.

Amma ki dubi nasa ɓangaren. Mutumin da ya bar aiki yakan nemi abin da zai riƙa tashi da safe dominsa. Naki maigidan ya samu, ya ba shi shekara tara, ya jawo iyalinsa ciki, bai tafi wani wuri ya bar ku ba. A rana ɗaya abin da yake nema ya faɗo hannun wadda ta zo neman ruwa, shi kuma aka ja shi a ƙasa a gaban abokansa, aka buga a mujalla. Ba ya jin haushin kofinki kamar yadda yake jin kunyar kansa. Sai dai kwana ashirin da uku ya yi yawa, kuma raba kan yara ba wasa ba ne. A nan ya yi kuskure, ke ma da kika biye masa kin ɗauki naki kason.

Saboda haka daga yau ki sallami Tsumma daga aikin aike. In ya yi magana ta bakin rago, ki dube shi ido da ido ki amsa masa da ladabi. Ba zai jure kwana biyu ba. Ki tara yaran ki gaya musu babu ɓangare a gidan, kowa ya koma bakin aikinsa.

Jawabin nan, ki karɓa, kuma ki faɗi gaskiya. Ki ce musu ba ki da sirri. Amma ki yi tunani: shekara nawa akuyar nan tana cin ragowar abincin Darakta, tana kwana a wuri mai tsabta, tana zagaya tsakar gida a bayansa? Ba kwali ne ya gina ta ba, kulawar maigidanki ce ta same ta ba tare da ya sani ba. Ki faɗa masa wannan tun a gida, ku biyu, kafin ki faɗa a gaban mambobi. Ba daɗin baki ba ne, haka abin yake. Sannan ki roƙe shi ya koya miki abin da alƙalin nan ya gani da ya durƙusa, domin har yanzu ba ki sani ba, shi kuwa ya sani.

Maganar ƙarfe goma ba ta kai ta raba aure ba. Sakataren ƙungiya yana kwana a gidanki, kuma kin shaida ya iya rubuta wasiƙa. Ya rubuta wa masu shirya gasar ya nemi a ba da tazarar rabin awa tsakanin azuzuwan biyu. In sun ƙi, ku yi karɓa-karɓa, wannan gasar tasa, mai zuwa taki, kuma ke za ki fara sakar masa, tunda ke ce mai kofi a hannu. A makonni biyar ɗin nan ku riƙa raba dabbobin kullum, minti biyar, sannan goma, har ragon ya koyi tsayawa da ƙafafunsa. Kada ki sayar da akuyar. Kofin kuma ki fito da shi daga cikin yadi, amma kada ki ɗora shi a kantar falo da hannunki. Ki ajiye a inda zai gani, ki bar masa sauran. In ya ɗora, kada ki ce komai.

Kada ki jira gobe. Ki same shi da safe yana taje ragonsa, ki ɗauki ɗayan buroshin ki tsaya a ɗaya gefen, ki kira shi da sunan nan da kike kiransa idan yara ba sa kusa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara muku shekaru masu yawa tare, ya ba dabbobinku lafiya. Mai kabewa kuma, don Allah, ku je ku ba shi haƙuri.

Anti