Man Zafin da Na Miƙa wa Hadiza

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa daga ɗakina na Abu Hail a Dubai, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Shekara guda da wata biyu ke nan da rasuwarki, sai yau na samu bakin yi miki maganar da na kasa yi kina raye. Na san da kina nan da kin kawar da kai kin ce in je in faɗa wa Goggo. To, Goggon ma ta riga ki tafiya, yau dole ki saurare ni.

Ni ce 'yar farinki, don haka ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo, yayar Baba. Ba ki taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan" kike cewa, har na haura shekara talatin. In na shigo ɗaki sai ki samu abin yi a tsakar gida. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi, har alfahari nake yi cewa uwata mai kunya ce. Ni ma na iya tawa kunyar. Wayarmu ba ta wuce minti biyu: ina kwana, ya jiki, lafiya lau. Daga nan sai ki miƙa wa ƙanwata Hadiza.

Ina shekara ta uku a ofishin kago, wato na aika kaya, da ke unguwar Deira ciwo ya kama ni. Zama ne tun safe har magariba, ido a kwamfuta, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, 'yan kasuwar Kano kowa so yake a ce kwantenarsa ta tashi tun jiya. Ƙuguna ya riƙe, wuyana ya sanƙare, in zan sallame sallah sai na juya da jikina gaba ɗaya. Na sha maganin kashe zafi har cikina ya fara ƙuna.

Wata abokiyar aikina ce ta kai ni wurin wata likita a Satwa, mai gyaran ƙashin baya da hannu. Ki ɗauke ta kamar maɗorin unguwarmu, sai dai ita ba karaya take ɗorawa ba. Kwantar da mutum take yi, ta bi gadon bayansa da yatsu gaɓa bayan gaɓa, ta danna ya ce ƙas, sannan ta koya masa motsa jikin da zai riƙa yi a gida. Ga ta da tambaya kamar 'yar sanda: yaya kike zama, yaya kike kwanciya, me kike ci, me ke damun ranki.

Cikin tambayoyin har da ko akwai mai irin wannan ciwon a gidanmu. Na ce babu, da ƙarfin gwiwata. Da na fito na kira Hadiza ina ba ta labari ina dariya. Sai ta ce, "Yaya, ai Umma shekara uku ke nan a zaune take sallah."

Shekara uku, Umma! Ina ta aiko miki da atamfa da turare da dabino, ashe goshinki ba ya kaiwa ƙasa. Nan a bakin titi na tuno ki tsugune gaban turmin ƙuli-ƙuli kina matsar mai, in za ki miƙe sai kin dafa ƙugu. Ke kin ji kunyar faɗa mini, har kin hana Hadiza, ni kuma na ji kunyar tambaya. Ranar na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba, amma na fi jin haushin kaina.

Na koma na roƙi likitar ta koya mini. Ta ja mini kunne kada in kuskura in danna ƙashin tsohuwa, ta ce wannan sai wanda ya karanta kuma ya ga mai ciwon da idonsa. Amma ta nuna mini tausa mai sauƙi, da yadda ake gasa ƙugu da tawul mai ɗumi, da motsi uku da mutum zai yi yana kwance. Wata biyu ina gwadawa a kan matashi da kuma bayan wadda muke ɗaki ɗaya da ita, har ta fara guduna. Na sayi kwalbar man zafi, na ce da hannuna zan matsa miki in na zo hutu.

Kin tuna ranar? Bayan la'asar ce, kina kishingiɗe a kan tabarma, kin ba ƙofa baya. Na zuba man a tafin hannuna na murza ya yi ɗumi, na durƙusa. Tsakanin hannuna da bayanki bai fi taƙi ɗaya ba. Ba ki waiwayo ba, amma kin san ni ce. Kika ja mayafi kika rufe kafaɗa, kika ce a hankali, "Ina Hadiza?"

Abin da ya kamata in ce bai wuce "ni zan yi" ba. Sai na tashi na ƙwala wa Hadiza kira, na miƙa mata kwalbar. Na tsaya daga bakin ƙofa ina cewa ƙasa kaɗan, a hankali, kada ki danna. Man da ke hannuna na goge a zanina. Na ce wa raina ba komai, akwai hutu na gaba.

Sai korona ta zo, aka tsayar da jirage. Cikin azumi kika tafi. Ko ruwan wankanki ban zuba ba.

Daga baya Hadiza ta faɗa mini cewa kullum in ta ɗauko kwalbar sai ki ce, "Yi mini irin na yarinyar nan." Ta ce in maƙwabta sun shigo kina gaya musu don ke na je na koyo. Ta ce kafin ciwon ajali har kin samu kin yi sujada sau biyu, kika daɗe ba ki ɗago ba. Na yi murna, Umma, na kuma yi kuka, don da bakinki na so in ji.

Bayana ya yi sauƙi yanzu. Ina tashi daga kujera in miƙe jiki kamar yadda aka ce, ina kuma komawa wurin likitar duk bayan mako biyu. Amma duk sanda ta ɗora hannu a ƙuguna, daidai inda naki yake ciwo, sai hawaye ya zubo mini ta ramin gadon da ake sa fuska. Takan tsaya ta tambaya ko zafi na ji. Ina ce mata ta ci gaba.

Ki yafe mini, Ummata. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara. Allah Ya haɗa mu a gidan da babu ciwon baya. In mun haɗu, na roƙe ki, kada ki tambayi Hadiza.

Taki, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Rabi'atu