In An Buga Ƙararrawa a Bayana, In Waiwaya?

Zuwa ga Maigirma jami'in da ke kula da hanyoyin garin Birnin Kebbi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce, ko a aji ba na iya ɗaga hannu, balle in rubuta wa babba takarda. In ka ga kuskure ka yafe mini. Ban san sunanka ba, ban ma san ko a nan kake zaune ko a Sakkwato ba, shi ya sa na aika wa jarida, don ta same ka duk inda kake.

Maganata a kan 'yar hanyar ƙafa ce da ke gefen titin da ya fito daga Argungu, wadda muke bi zuwa makaranta. Ta dama kwalta ce, ta hagu lambatu mai zurfi, faɗinta kuma da ƙyar mutum biyu suke jerawa. Tun da aka fara kwasar albasa manyan motoci suka cika titin, sai masu keke suka gudo suka hawo hanyarmu.

Na farko, akwai abin da nake jin manya maza ba su lura da shi ba. Mai keke yana ganin in ya buga ƙararrawa ya fita hakki, saura na gaba ya kauce. To mu 'yan mata ba haka aka koya mana ba. Samarin garin nan da ƙararrawar keke suke yi wa yarinya magana. In ta waiwaya, ta amsa ke nan, kafin magariba unguwa ta ji. Tun muna ƙanana Inna take ce mana: "Ɗiyar kirki ba ta waigen ƙararrawa. Ki dubi ƙasa ki yi tafiyarki." Ni ina karanta littattafan soyayya, kuma a cikinsu ma duk sanda ƙararrawa ta yi ƙara a bayan yarinya, wani ne mai farar riga da tattausar murya. Ban taɓa karanta inda ya zama buhun albasa ba.

Na biyu, abin da ya sami yayata Hajara. Ranar wata Laraba mun taso daga makaranta, tana gaba ina biye, sai muka ji ƙararrawa. Akwai wani yaro mai ɗinki da ya daɗe yana bin ta da keke, ita kuma ba ta ƙi shi ba. Na ga ta gyara gyale ta ƙara sunkuyar da kai, har ina yi mata dariya a zuciyata. Ƙararrawar ta ƙara ƙarfi, ni na matsa gefe don in ba su wuri. Ashe wani dattijo ne daga fadama, da buhu a kariyar kekensa, birkinsa ya ƙi ci a gangare. Ya kwashe ta suka faɗa lambatu tare. Ban ji ta yi kuka ba. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara, sai albasa tana ta gangarawa.

An kai ta wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗu amma bai haɗu daidai ba. Yau Hajara tana jan ƙafa daga ɗaki zuwa madafa, makaranta kuwa ta bar ta. Dattijon ya zo gidanmu ba da haƙuri, idonsa da hawaye, yana ta maimaita wa Baba: "Wallahi na buga, Malam, na buga har hannuna ya gaji. Mi as sa ba ta waiga ba?" Inna ta shige ɗaki.

Na uku, don Allah kada a fahimce ni cewa a kora masu keke su koma kwalta. Babana ma da keke yake zuwa gonar shinkafa. Tun abin Hajara ya rantse ba zai ƙara hawa hanyar ƙafa ba, yanzu a tsakiyar motocin yake tafiya. Na taɓa hango shi daga nesa, wata babbar mota ta wuce shi, iskarta ta kaɗa shi har hularsa ta faɗi, bai ko tsaya ɗauka ba. Duk yamma in ya yi jinkiri, Inna sai ta riƙa wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Na huɗu ni ce. Yanzu kowace ƙararrawa na ji sai na waiwaya, jikina ne yake yi tun kafin in yi tunani. Samari sun gane. Suna bina suna bugawa don su ga fuskata, in na juya su fashe da dariya. Wata maƙwabciyarmu ta ce wa Inna a gidan suna: "Wagga ƙaramar taku wuyanta ya cika laushi." Maganar ta kai kunnen Baba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in ya sake jin ta, zan zauna gida tare da Hajara. Baba ba ya faɗin magana sau biyu.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. A share wa masu keke tasu 'yar hanya a ɗaya gefen titin, akwai fili, ciyawa ce kawai. Kafin a yi wannan, a sa doka duk mai keken da ya hawo hanyar ƙafa ya sauka ya tura, musamman a gangaren nan. In da hali kuma a tsayar da manyan motoci a bakin gari lokacin tashin 'yan makaranta. Kuma a gaya wa masu keke, ko ta rediyo ne, cewa yarinyar da ba ta juyo ba, ba kurma ba ce, kuma ba za ta juyo ba.

Ina roƙo a hanzarta, saboda yanzu lambatun a bushe yake. Gabas ta fara haɗa hadari. In lambatun ya cika, ruwansa har akuya yana ɗauka ya shige da ita ƙarƙashin kwalbati, sai a fadama ake ganinta. 'Yan aji ɗaya suna bin hanyar nan a layi, kowacce idonta a ƙasa yadda uwarta ta ce.

Ni dai na yi wa Baba alkawari ba zan ƙara waiwaya ba, don ina son in gama makaranta. Daga gobe zan fara cikawa.

Allah Ya ja zamaninka, Ya tsare maka 'ya'yanka a duk hanyar da suke bi, Ya sa takardar nan ta riga ruwan sama isowa gare ka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rabi'atu, 'yar aji huɗu,
Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato.