Ni Ba Kanari Ba Ne

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana. Wasiƙarki ta iso. Na karanta, na cire tabarau na ajiye don kada in karya shi.

Wato shekara bakwai kina jami'a kina sauraron tsuntsaye a keji, abin da kika gano shi ne ɗan tsuntsu daga bakin ubansa yake koyon waƙa? Yanzu kuma kina so ki kawo mini jikana ya yi wata uku a wurina, in zauna ina yi masa surutu da Hausa kina ɗauka a na'ura. Shekara talatin na koyar da nahawun Turanci, aka sallame ni ko sannu babu. Yau kuma 'yar cikina ta mai da ni kanari! Ki nemi wani tsohon.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Abokiyar aikina ce take gyara mini Hausar wasiƙuna, har da wannan. Ban taɓa gaya maka ba.

Idan muka raba ɗan tsuntsu da ubansa har kwanakin koyo suka wuce, ko an mayar da shi, waƙarsa ba ta miƙewa har ya mutu. A gidanmu ka hana Hausa. Kalma ɗaya, rula ɗaya a tafin hannu. Ranar da Kaka za ta rasu ta riƙe hannuna tana yi mini magana, ko rabi ban gane ba.

Yaron shekararsa biyu. Ubansa ba ya jin Hausa, tawa kuwa gurguwa ce. Lokacinsa bai wuce ba tukuna, kuma kai kaɗai ka rage mana. A bar na'urar.

Allah ya ƙara lafiya.
'Yarka.

'Yata,

Na ga rashin kunyar, da hannun wata ma aka rubuta mini ita. Don ki ci jarrabawa na yi abin da na yi, kin kuma ci. Kada ki jira ban-haƙuri daga wurina.

Ki kawo shi ranar Asabar. Na share ɗakin littattafai.

Me kakarki ta ce a ranar? Ki rubuto mini ko rabin da kika gane. Ni a ranar ina makaranta ina duba takardun jarrabawa.

Mahaifinki.