Aura da Amalanken Ƙarfe

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Yau jakina Aura ya durƙusa da kaya. A lungun Zaitawa, daf da ƙofar gidan 'Yardada mai gurasa. Ba tuntuɓe ya yi ba, ina kallonsa, ƙafafun gaban ne kawai suka ƙi. Na kwance igiya, na yi ta jidar itacen a ka ina kaiwa bakin tanderu, shi kuwa yana kwance yana bi na da ido kamar mai jin kunya. Sai da na gama sannan ya miƙe.

'Yardada ta leƙo soro ta ce, "Maharazu, jakin nan ya gama aikinsa, kai ne ba ka gama yarda ba."

Na ja shi muka tafi. A gida ban faɗa wa matata Sa'ida ba, amma ta ga ƙasa a gwiwoyinsa, ta ga ɓawon marke a hulata. Mace ba ta buƙatar a ba ta labari.

Litinin, 21 ga Afrilu

Mikail ƙanena ya zo bayan la'asar. Sa'ida ce ta kira shi, na sani, ko da yake duk sun musa. Maganar dai ita ce ta kullum. Tsohon babur ɗinsa yana nan a soro tun da ya sami a-daidaita-sahu, in ɗauka, a ƙulla masa 'yar tirela a baya in riƙa kai itace. Na ce masa wannan ba tirela ba ce, amalanke ce ta yi boko. Ya yi dariya, amma bai saki maganar ba. Ya tuna mini Babbar Sallah ta matso, lokacin suyar nama, in har na kasa kai wa mutane itace a wannan makon, gawayi da gas za su koma. Gaskiyarsa. Duk gidan da ya koma gas ban taɓa ganin ya dawo ba.

Bayan ya tafi na zauna kusa da turke. Baba jakuna uku gare shi. A lokacin ba mota ke sauke mana itace a bakin Ƙofar Mazugal ba kamar yanzu, mu ke fita daji da kanmu. Nakan hau na ƙarshen in za a tafi, in za a dawo kuwa kowa a ƙasa. Badala, ganuwar birni, tana nan da tsayinta, daga nesa za ka hango ta ka san an iso gida. Inna ta ajiye mana kunun tsamiya a ƙwarya, ta rufe da faifai. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen ƙirya, yunwa nake ji.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun je Ƙofar Ruwa ni da Mikail, duba amalanke kawai, na ce masa, ba saye ba.

Ta farko ta hannu ce, mai tayar mota, faffaɗa, ƙarfenta mai kauri. Mai ita ya ce buhunan siminti take ɗauka a da. Kuɗinta da sauƙi, har Mikail ya fara ciniki. Ni dai na tsaya ina kallon faɗinta. Ta biyu sabuwa ce fil, an shafe ta da shuɗin fenti, da 'yan tayoyin baro. Na ɗora ƙafa na danna, sai na ji gindinta ya lotsa. Bututun da aka yi ta da shi ko ƙarfen labule ya fi shi jiki. Wannan in ta ɗauki ƙirya sau biyu sai dai a kai ta wurin 'yan gwangwan.

Mikail ya ce ba na son ko wacce ne shi ya sa nake neman aibu. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na ɗauki igiya na bi lungunan da nake kai itace ina gwada faɗinsu. Duk inda ya fi matsewa sai in ƙulla. Mutane suna tsammanin ma'aikacin filaye ne ya zo, wani tsoho har ya fito yana tambaya ko rusau za a yi.

Mafi ƙunci shi ne kwanar da ke tsakanin masallacin unguwa da gidan 'Yardada. Mai tayar motar nan ko da man shanu aka shafa mata ba za ta wuce ba. To an gama da ita.

Ban taɓa lura lungunan sun ƙara matsewa ba sai yau. Kowa ya ɗan ciro dakalinsa, kowa ya ɗan turo bangon bulo. Inda kududdufi yake a Madabo, wanda muke shayar da jakuna, yanzu shaguna ne. Na tsaya a wajen ina neman inda giginyar take, ban gane ba.

'Yardada ta ba ni gurasa mai zafi da ƙuli. Ta ce ran da aka kawo ta gidan tana amarya, Baba ne ya kawo itacen girkin bikin, ni kuma ina bayansa da 'yar shara ba wando. Kullum sai ta faɗi wannan. Kullum kuma sai na ji daɗi.

Talata, 29 ga Afrilu

Wani dillali ya zo har gida, ban san wa ya ba shi labari ba. Ya zaga Aura, bai buɗe bakinsa ya duba haƙori ba, bai ɗaga kofato ba. Bayansa kawai yake shafawa yana jan fatar. Abin da ya taya ya isa a yi amalanken har da canji. Na tambaye shi ina za a kai shi. Ya ce ai in an sayar an sayar.

Kowa ya san inda ake kai irin waɗannan. Ana loda su a babbar mota, fatar ake so.

Na ce masa ba na sayarwa ba ne. Sa'ida ta jira ya fita sannan ta yi magana, a hankali, ba faɗa ba. Ta ce dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, gidan nan ba zai iya ciyar da jakin da ba ya aiki ba, ga kuma man babur. Ta ce, "Malam, tausayi ma yana son abin da zai ci."

Na tashi na nufi turke. Na ba Aura dusarsa na ƙara masa kanwa.

Juma'a, 2 ga Mayu

Sawu ɗaya muka yi, rabin kaya. Gidaje biyu sun aiko ba su ga itace ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ado mai walda, abokin Mikail, ya zo ya ga igiyata da ƙulle-ƙullenta. Bai yi dariya ba, shi ya sa na ji ya kwanta mini. Ya ce zai iya ƙera siririya mai tsawo daidai da ƙullin da ya fi ƙanƙanta, a rage ɗan yatsa huɗu kowane gefe. Tayoyin a-daidaita-sahu na hannu za a sa, sun fi na baro ƙarfi, ba su kai na mota nauyi ba. A sa wa tayoyin boris mai kyau, kada a yi rowa a nan. Gefe da gefe a kafa sanduna maimakon a rufe da faranti, tunda itace ba ya zubewa kamar yashi. Abin da ke cin kuɗi shi ne ƙarfen gindi. Ya tambaya ko akwai wani tsohon ƙarfe a gidan.

Ina shirin cewa babu, Sa'ida daga ɗaki ta ce akwai gadon Inna.

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, yana ɗakin shirgi tun rasuwarta, an jingine shi a bango. A kansa aka haife ni, aka haifi ƙanwata Zainab, aka haifi Mikail. A kansa ta yi jinya. Ado ya ƙwanƙwasa shi da ɗan makulli, ya saurara, ya ce irin wannan ƙarfen yanzu ba a yi.

Na ce su ba ni zuwa gobe.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kira Zainab a ƙauyensu, bayan Ungogo. Ita ce mace, ita ta fi mu haƙƙi a kan gadon. Na faɗa mata maganar Ado. Ta ce Inna ba ta taɓa son abu ya zauna ba ya aikin komai ba, ko tsumma ne sai ta yi gammo da shi. A yanka.

Sai kuma ta tambayi lafiyar Aura. Na faɗa mata komai, har da dillalin. Ta ce in kawo shi. Maigidanta yana da fili, ga ciyawa za ta fito da an yi ruwa, iyakarsa ya ɗan kai taki gona in ya ga dama.

Na daɗe da wayar a hannu bayan ta kashe.

Asabar, 10 ga Mayu

An ɗauki gadon. Ban bi su wurin Ado ba. Na cire ƙwallon tagulla guda ɗaya na kan rumfar na ba Sa'ida ta adana.

Inda aka ɗauke shi, bangon ya fi sauran ɗakin fari.

Lahadi, 18 ga Mayu

Mikail ya ce a sa Aura a mota. Na ƙi. Ban so ya hau mota ko sau ɗaya.

Tun hantsi bai yi ba muka fita, ba akumari, ba mangala, igiya kawai. Da gangan na bi ta cikin unguwa. Duk ƙofar da muka saba sauke kaya sai ya ja ya tsaya yana jira. A ƙofar mai waina ya tsaya. A gidan marigayi liman ya tsaya, gidan da suka koma gas tun bara, shi bai sani ba. A ƙofar 'Yardada ya yi kukansa kamar kullum, ta fito da sanda tana dogarawa, ta ba shi guntun gurasa a tafin hannunta. 

Muka fita ta Ƙofar Mazugal. Tafiyar ta yi tsawo, muna yi muna hutawa a inuwar darbejiya. Hanyar da nake tunawa babu ita, gidaje ne har inda ido ya tsaya. Sai can gaba sosai ƙasa ta buɗe, na ji ƙamshin gona da aka share. Aura ya ɗaga kunne.

Da muka isa, bai ko jira an ɗaure shi ba, ya sami turɓaya ya kwanta ya yi ta birgima, ƙafafu sama. Rabon da in ga ya yi haka na manta. A gidanmu ina ya ga turɓaya, duk siminti.

Zainab ta dama mini fura. Na ce mata zan riƙa zuwa duk Juma'a. Da zan tafi na je na dafa wuyansa, yana cin ciyawa, bai ɗago ba. Na ji haushi kaɗan. Daga baya na ce gara haka.

A mota na dawo, igiyar tana aljihuna.

Alhamis, 22 ga Mayu

Fitar farko da amalanken. Ado ya yi aiki, ba laifi. In ka duba da kyau za ka gane ƙafar gadon a gefen hagu, har da 'yar kwalliyarta.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne ba ta san hanya ba. Aura in ya zo kwana shi ke auna kansa. Ita kuwa ni na wuce, ita ta kama dakalin masallaci, kaya ya karkace, itace ya watse har cikin kwata. Babur ya mutu. Ribas kuma babu. Dole na cire ƙugiyar da ta haɗa ta da babur na ja ta da hannu, masu fita daga sallar azahar suka taya ni tsincewa, ana ta yi mini sannu, wasu suna danne dariya.

'Yardada ta ce ba ta san na iso ba. Ta ce, "Wannan sabuwar taka ba ta sallama."

Na dawo na tarar Sa'ida ta share wajen turke. Hannuna duk ya kumbura. Da Baba zai gan ni yau.

Talata, 27 ga Mayu

Abin da na koya: a buɗe kwana sosai kafin a karya. Kaya masu nauyi a kan tayoyi, ba a baya ba. Kada a taka birki a gangaren kwata.

Alhamis, 5 ga Yuni, jajiberen Sallah

Tun safe nake kai da kawowa. Ban san sawu nawa na yi ba. Duk wanda ya aiko ya samu, har da wasu gidaje a Madabo da ban taɓa kai wa ba, sun gan ni ina wucewa suka tsayar da ni. Abin da Aura ke ɗauka sau uku ita sau ɗaya take kwashewa. Na rubuta ne don gaskiya ce, ba don komai ba.

Kafin magariba na gama, har na sami zuwa aski.

Talata, 17 ga Yuni

Zainab ta kira. Ta ce Aura ya yi ƙiba, ya zama ɗan gata, ko takin ma ba a sa shi. Ta tambaya wace Juma'ar nake nufi, don ba ta ga ko ɗaya ba. Na ce aiki ne ya yi yawa. Zan je. Wannan makon ko na sama.

Bayan azahar hadari ya haɗo ta gabas, kafin a ce me ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin cin abinci. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ga ni a ƙofar gida ba takalmi, ina jan tamfol ina rufe amalanken, ina danne gefe da duwatsu. Itacen da ke waje ma ban bi ta kansa ba sai daga baya.

Na shigo a jiƙe sharkaf. Sa'ida tana tsaye a bakin ɗaki da zanina a hannu, tana kallona, bakinta yana motsi. Ta ce ko ita ma amalanken a kai mata dusa ne.

Tsatsa nake gudu. Ƙarfe ne, in ya sha ruwa lalacewa yake.

Gobe in an wayi gari lafiya zan sa wa boris ɗin mai, na ji na dama yana ɗan kuka.