Shayin Da Ya Nutsar Da Ni A Ƙanƙarar Afrilu

Zuwa ga Ummi, 'yata, takwarar mahaifiyata,

Bayan gaisuwa irin ta uba mai cikakken iko a gidansa, in aka cire ke da mahaifiyarki, ina sanar da ke cewa garinmu Greensboro lafiya lau. Itatuwa sun yi fure, garin furen ya mayar da motata ruwan ɗorawa. Ke kuwa mako uku ke nan kina taka doguwar hanyar duwatsu da jaka a baya, inda waya ba ta kamawa. Kin tafi ban ce miki Allah ya kiyaye hanya ba. Cewa na yi 'yar mutunci ba ta kwanan daji da gangan. Dalilin wasiƙar ke nan.

Kin tuna Afrilun bara, da kika kai ni can kwana biyu in gani da idona? Kafin mu tashi na dubi sararin samaniyar unguwarmu Pleasant Garden, na yanke hukuncin cewa sanyi ya yi ritaya. Na tafi da jamfa da zanna bukar. A can sama muka tarar da dusar ƙanƙara kwance a inuwar itatuwa, ashe sanarwata ba ta iso mata ba.

Kika ce, "Baba, muna sallame Asuba mu tashi. Da sassafe tana da tauri, tana ɗaukar mutum. Rana na ɗagawa sai ta saki."

Na shaida miki cewa tun kafin a haife ki ban taɓa fita babu shayi ba. Na sha kofi uku, na ci kilishi, na gabatar miki da jawabi kan illar gaggawa. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka tashi. A taku na bakwai ƙafar dama ta shige har cinya. Ina zaro ta, ta hagu ta bi sahu.

Ba ki yi dariya ba. Kin durƙusa kin tono takalmina da hannu, kin sa mini busasshiyar safarki, kina ta jera mini sannu da karkatacciyar Hausarki.

A ranar ya kamata in gane wanda ya san hanya a cikinmu. Sai da na shekara.

Yanzu kullum ina sallame Asuba nakan ce wa mahaifiyarki, Ummi ta ɗaure takalmi. Sai hankalina ya kwanta.

Na yarda, 'yata, na sa albarka. Allah ya daskarar miki da ƙanƙara ƙarƙashin sawunki, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya kiyaye hanya.

Mahaifinki,
mai shan shayinsa a busasshiyar ƙasa.