Fashi Ɗaya Ya Rage Min

Lahadi, 6 ga Oktoba
Ƙungiyarmu ta ɗalibai mata 'yan gida ta ɗora min tsara layin jego. Duk wadda ta haihu a Madina ba uwa a kusa, mu ne danginta: ruwan wanka, kunun kanwa, riƙon jariri har arba'in. Anti Asama'u, amirarmu, ta ce, "A ba Sundus, ba ta iya musu ba." Aka yi dariya. Har da ni, sakarya.

Laraba, 16 ga Oktoba
Duktura, malamarmu, ta tsayar da ni bayan darasin Hadisi. Fashina huɗu. In na ƙara ɗaya, hirman ne, ba ni ba jarrabawa, gurbin karatun ma sai abin da Allah ya yi. Duka huɗun kuwa layin wasu na rufe. Me zan gaya wa Baba?

Asabar, 26 ga Oktoba
Innayatu, 'yar ƙungiyarmu, ta sauka, tiyata aka yi. Mijinta na aiki can garin Yanbu, bizar mahaifiyarta shiru.

Talata, 29 ga Oktoba
Bakwai na safe Innayatu ta kira. Zazzaɓi, ɗinkin na ruwa. Raudatu mai layin yau ta turo "ma'alesh" kawai, wato a yi haƙuri, ba za ta je ba. Hadisi ƙarfe takwas. Na ce wa Innayatu ga ni nan. Wallahi da niyyar zuwa na saka abaya. Motar jami'a ta tsaya, na shiga, na kashe waya.
Da aka kira sunana a aji na amsa da ƙarfi.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Maƙwabciyar Innayatu 'yar Chadi ce ta kai ta asibiti. An kwantar da ita, da sauƙi. Anti ba ta ce min uffan ba. Gara ta zage ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Na je Ƙurban, unguwar su Innayatu, da kunu. Innayatu ta miƙo min jaririyar, ta ce, "Ranar nan na ɗauka hatsari kika yi a hanya. Ina kwance ina ta miki addu'a." Na kasa ɗaga ido. Kunya kamar ƙasa ta tsage.
A mota Khaulat, ita ma 'yar ƙungiya, ta turo saƙo: ba za ta samu layin Talata ba, ko zan rufe mata? Na karanta sau biyu, na mayar da wayar jaka. Talata akwai Hadisi, wannan karon ba zan rufe wa kowa ba.